Maɗacin da Gabas Ta Cinye

Tun da Allah Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsiro da abin da ke kanta, ba a yi mutanen da suka san darajar itace kamar mutanen wani gari da zan ba ku labarinsa yau ba. Shekara ɗari uku gatari bai shiga kurminsu ba. Haka suke faɗa, haka baƙi suke ji, kuma gaskiya ne. Ku riƙe wannan, jama'a: gaskiya ne. Za mu dawo kansa.

Sunan garin ba zan faɗa ba. Na farko an daɗe. Na biyu, in na faɗa wani a cikinku zai ce can ne asalin kakarsa, mu ƙarar da yammacin nan wajen ba shi haƙuri.

Kurmin yana jikin tsohuwar ganuwa, a daidai wurin da waɗanda suka kafa garin suka fara sauka. An kewaye shi da shinge. In ka shiga, tsamiya ce za ta fara tarbar ka, sai kukoki guda biyu da suka tsufa har cikinsu ya rarake. Akwai ɗorawa, akwai kaɗanya, akwai kanya da ɗinya da taura. Akwai marke, akwai ƙirya mai taurin kai, akwai gawo wanda yake zubar da ganye lokacin da kowa yake fitarwa. A ƙarƙashinsu sabara ce da geza da kalgo suka cunkushe, sai magarya tana kama rigar mai wucewa. A tsakiya kuma akwai wani maɗaci, mutum huɗu ba sa zagaye shi da hannu. An ce a jikinsa wanda ya kafa garin ya jingina sandarsa. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi gindinsa, Sarkin Dawa ya gyara rawani ya ce, "Shekara ɗari uku, gatari bai shigo nan ba." Baƙo ya ce masha Allah, a koma gida a ci tuwo.

To, a bakin wannan kurmi aka yi wani bawan Allah, ana ce masa Nomau. Shi ne mai gadi. Ba shi da gona, ba shi da sarauta, karatunsa iyakar abin da zai yi salla da shi. Aikinsa ya share hanyoyi, ya gyara shinge, ya kori awaki. Ladansa ɗaki guda a bakin ƙofa, da izinin tsintar duk abin da ya faɗo ƙasa: tsamiya, ɗorawa, ƙwarar kaɗanya. Matarsa Tabawa ta yi man kaɗanya ta kai kasuwa. Da wannan suke ci. In aka raba su da kurmin, an raba su da ɗaki da tuwo a rana ɗaya.

Akwai kuma wani aiki da yake yi wanda ba wanda ya sa shi. Kullum da hantsi za ka gan shi da kasko, ya kwaɓa laka da kashin shanu, yana bin itatuwa yana shafa musu a jiki. Ku saurara ku ji dalili.

An hana gatari, amma ba a hana wuƙa ba. Mutanen garin nan masu son itace ne, na faɗa muku, kuma son ya kai har ba sa iya rabuwa da ɓawonsa. Mai tari ya ɓaro marke. Mai neman igiya ya saɓo kalgo. Mai ciwon ciki ko zazzaɓi kuwa ba shi da inda ya fi babban maɗacin nan, ya sassaƙo ɓawonsa mai ɗaci ya jiƙa ya sha. Magabata ba wawaye ba ne, sun bar doka. Suka ce sassaƙe daga gabas ake ɗiba ko daga yamma, a bar kudu da arewa. Dalilinsu a fili yake. Ta ɓawo itace yake aika abinci daga ganye zuwa saiwa. In ka ɗiba gefe ka bar gefe, sai ya warke. In ka zagaye shi duka, ka yanka shi kenan, sai dai shi ba ya shure-shure, yana tsaye zai mutu.

Doka mai kyau, kuma ba wanda ya taɓa karya ta. Abin da ya faru kawai shi ne, mutum ya zo ya tarar an riga shi gabas, sai ya matsa yatsa biyu. Ai har yanzu gabas ce. Na bayansa ya zo, shi ma ya matsa yatsa biyu. In ka yi magana ya ce maka rana ma ba wuri ɗaya take fitowa ba, ta damina daban ta rani daban. Kuma gaskiyarsa. Haka gabas ta yi ta faɗi, yamma ta yi ta faɗi, arewa tana ƙanƙancewa, kudu tana ƙanƙancewa. A garin nan ne kaɗai a duniya gabas ta yi ƙiba.

Nomau yana bi yana shafa laka. Ya san hannun kowa a jikin itacen. Ya san yankan mahauci, bahago ne, daga dama yake jawowa. Ya san na wanzami, siriri, tsaf kamar an auna. Ya san na Hansai, wata bazawara mai daddawa da 'ya'ya huɗu, wuƙarta ba ta da kaifi, yagowa take yi. Da an ce ya karanto sunayen mutanen garin daga jikin maɗacin nan, da ya karanto su gida-gida.

In ya tarar da mutum a kai, ba ya faɗa. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ga reshe can, ɗacinsu ɗaya."

"Haba Baba Nomau, na reshe ai ba ya ji."

"To akwai maɗatai a bakin rafi, tafiyar hantsi ce."

"Waɗancan ba su da tarihi. Kuma ɗan kaɗan zan ɗiba."

"Na kowa kaɗan ne," in ji Nomau. Sai ya tsaya ya jira mutumin ya gama, ya shafa laka.

Kada ku ɗauka shi mala'ika ne. Wata shekara Tabawa ta kwanta da ciwon ciki, kwana tara ko kunu ba ya zama. Ba zai iya barin ta ya tafi rafi ba, kuma da ya ce zai hau ya samo na reshe sai ta ce shi ma ya san na reshe ba ya ji. Nomau ya ɗauki wuƙa ya je gabas, gabas ta gaskiya, inda ɓawo ya ɗan farfaɗo saboda lakarsa, ya yanki faɗin yatsa biyu. Ya shafe wurin, ya dawo. Allah Ya ba Tabawa lafiya. Yatsa biyu, jama'a. Ku riƙe wannan ma.

Da ya ga arewa ta ƙare gaba ɗaya, saura kudu mai faɗin tafin hannu, sai ya tafi gidan Sarkin Dawa ya durƙusa a zaure.

"Ranka ya daɗe, maɗaci zai mutu."

Sarkin Dawa ya gyara zama. "An sa masa gatari?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo ka?"

"Wuƙaƙe sun kusa zagaye shi. A hana sassaƙe ko da damina uku ne."

"Kai Nomau, abin da kakanni ba su hana ba ni zan hana? Koma ka kori awakinka."

Ya koma. Ya saro ƙayar magarya daga wajen shinge ya ɗaure a kan ɗan abin da ya rage. Ya mai da gindin maɗacin wurin zamansa, can yake cin abinci, can yake sallar azahar da la'asar. Shekara biyu yana tsaron faɗin tafin hannu. Talakawa in sun zo sun gan shi zaune, sai su gaishe shi su ce dama wucewa suke yi.

Ran nan aka yi wani biki, Sarkin Dawa ya ci abin da ya fi ƙarfin cikinsa. Washegari da hantsi sai ga shi, shi kaɗai, yana tafe a karkace, hannu ɗaya a ciki ɗaya riƙe da wuƙa.

"Cire ƙayar nan."

"Ranka ya daɗe, wannan ne ya rage masa. Bari in hau in samo maka na reshe."

"Ni za ka ba na reshe? Cire. Nan ai gabas ce."

"Kudu ce, ranka ya daɗe. Ga alƙibla can, nan nake salla kullum."

"Shekara ashirin ina Sarkin Dawa, kai za ka nuna mini gabas?"

Nomau bai cire ƙayar ba. Sarkin Dawa ya ture ta da sandarsa, ya yanka, ya zuba a aljihu, ya tafi yana nishi. Nomau ya tsaya yana kallon farin wurin. Sai ya ɗauko kasko ya shafa laka. Ya san ba za ta yi komai ba, amma ya shafa.

Itace ba ya mutuwa da gaggawa. Wata da watanni maɗacin yana nan kore, har mutane suna tsokanar Nomau: "Baba, ina gawar taka? Yaushe ne jana'iza?" Sai da shekara ta zagayo, ruwan farko ya sauka. Sabara ta tofo, kalgo ya tofo, kuka ta yi ganye, kurmi ya yi duhu. Itace biyu ne kawai suka tsaya tsirara, gawo da maɗaci. Gawo halinsa ne, kowa ya sani.

Mai gari ya sa aka yi shela, aka taru a gindin maɗacin. Ranar ce mutanen garin suka fara jin zafin rana a wurin. Kowa yana gumi, kowa yana jimami, wasu har da share ido. Mai gari ya ce abin kunya ne, kuma ba za a bar shi ya wuce ba. Ya yanke hukunci tun kafin a san mai laifi: duk wanda aka samu ya sa wuƙa a jikin itacen nan, an raba shi da kurmi, shi da gidansa, ba tsinta, ba ganye, ba shiga. Sannan ya damƙa binciken a hannun wanda ya fi kowa sanin daji, wato Sarkin Dawa.

Sarkin Dawa ya miƙe ya dubi jama'a. Ya ce, "Duk wanda ya san ya taɓa yankar ɓawon itacen nan, ya ji tsoron Allah ya tashi tsaye."

Ba wanda ya tashi. Mahauci yana duban ƙasa, wanzami yana gyaran hula. Mutum ɗari huɗu, kowa ya zauna daram kamar an dasa shi.

Sai Nomau ya dafa gwiwa ya tashi.

"Na yanka, ranka ya daɗe. Yatsa biyu, shekarar da Tabawa ta kwanta."

Ku ji yadda jama'a suka yi ajiyar zuciya. Wani daga baya ya ce, "Ashe mai gadin ne." Wani ya ce dama shi bai taɓa yarda da lakar nan ba.

Mai gari ba azzalumi ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya dubi jikin itacen da aka feɗe kewaye, ya dubi Nomau, ya ce, "Yatsa biyu ba sa yin wannan. Kai kaɗai ne?"

"Ba ni kaɗai ba ne."

"Su wane ne?"

Nomau ya waiga. Can a bayan mata ya hango Hansai ta rufe fuska da gyale. Da kalwar ɗorawar kurmin nan take daddawa, da daddawar take ciyar da 'ya'ya huɗu. Irinta suna da yawa a wurin.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce kowa ya tashi da ƙafarsa. Tawa ce ta ɗaga ni. Su ma suna da tasu."

"To wa ya yanke na ƙarshe? Wannan kam ka gani, a nan kake yini."

Nan ma bai ɓoye ba, don an tambaye shi kai tsaye. Ya ce, "Sarkin Dawa ne, ranka ya daɗe. Washegarin biki, da hantsi."

Ido ya koma kan Sarkin Dawa. Mai gari ya juya. Sarkin Dawa ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Allah Ya taimake ka, wannan ba yanka ba ne. Dubawa na yi. Aikina ne in san lafiyar kowane itace, kuma ba a sanin lafiyar maɗaci sai an ɗanɗana. Na ɗanɗana na tarar an riga an kashe shi."

Dattawa suka kaɗa kai, suka ce lallai aikinsa ne. Aka duba aka ga mutum ɗaya ne ya amsa laifi da bakinsa, kuma ba a hukunta mutum da zato. Aka ba Nomau kwana uku ya kwashe kayansa.

Tabawa tana ɗaure tukwane tana magana, ba ta ko dube shi ba.

"Malam, kai kaɗai Allah Ya ba ƙafa a garin nan?"

"An tambaya ne, Tabawa."

"An tambayi mutum ɗari huɗu. Su ba su da kunne? Da ka zauna wa zai sani?"

"Ni. Da Wanda ya fi ni sani."

"Ai da ka bar ni na mutu da ciwon cikin, da yanzu kana da ɗakinka."

"Da ina da ɗaki ba mai yi mini faɗa a ciki. Miƙo igiyar nan."

Ta miƙa masa. Da suka fita ƙofa, sai ta tsaya ta ce ya koma ya ɗauko kaskonsa, ta san ba zai iya barci ba in babu shi.

Saura gawar maɗaci. Katako ne mai tsada, ga shi a tsaye, ga doka ta hana gatari shiga kurmi. Aka yi shawara kwana biyu. Sai aka tuna cewa asalin shingen kakanni ba nan yake ba. Aka tsuge shi, aka lanƙwaso shi ciki har maɗacin ya koma waje. Sannan masassaƙa suka zo da gatura. Ƙyauren zauren Sarkin Dawa daga nan ya fito, an ce har yau ana zuwa kallonsa. Na ce muku za mu dawo kan maganar: gatari bai shiga kurminsu ba. Gaskiya ne.

Nomau ya kafa bukka a bayan shinge, ya koma ƙwadago a gonakin mutane da tsufansa. Wani lokaci da safe Tabawa takan tarar da ƙullin daddawa a bakin ƙofa. Ba a taɓa cewa wa ya ajiye ba, su ma ba su tambaya ba.

Ashe tun ranar da arewa ta ƙare Nomau yake tsintar 'ya'yan maɗacin yana shukawa a fasassun tukwane. Ya dasa goma sha biyu a gefen hanya, wajen shinge, inda hukunci bai kai ba. Awaki suka ci biyar. Bakwai ɗin da suka rage ya kewaye su da ƙaya, ya yi ta ɗauko musu ruwa a tulu daga rafi, rani bayan rani, har bayansa ya lanƙwashe bai sake miƙewa ba. Masu wucewa suna cewa, "Sannu Baba, ana biyan bashin zunubi?" Ya ce, "Ana nema."

Da suka yi tsawo suka fara inuwa, sai aka sake tunawa da asalin shingen kakanni. Aka tsuge shi, aka turo shi waje, maɗatai bakwai suka shiga kurmi. Nomau kuwa an hana shi shiga kurmi, hukunci bai tashi ba. Daga bayan shinge yake hango su. Daga nan ya ga farin yanka na farko a jikin babbansu, ta gabas.

Ba zai iya shiga ya shafa ba. Sai ya riƙa kwaɓa lakarsa kullum da hantsi, ya ajiye kaskon a bakin ƙofa, ko wani mai shiga zai ɗauka. Wata rana ana ɗauka. Yawanci da yamma yakan zo ya tarar ta bushe, ya kankare, gobe ya sake kwaɓawa. A kan haka Allah Ya karɓi ransa. Sabon Sarkin Dawa, ɗan wancan, yana kai baƙi gindin maɗatai bakwai yana cewa kakanninsu ne suka dasa.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce ya tono tukunyar zinariya a gindin ɗaya, ko in ce cikin Sarkin Dawa ya kumbura ya zo yana neman gafara. Bai tono ba, shi ma bai zo ba, ya mutu da ƙibarsa aka yi masa babbar jana'iza. Wanda ya ce muku gaskiya tana biya kafin magariba ya yi muku alkawarin da ba nasa ba. Sakamakon Nomau yana wurin Allah, kuma can ba a matsar da shinge.

Darasin a fili yake, amma zan faɗa don kada wani ya ce bai gane ba. Abin jama'a ba mutum ɗaya yake kashe shi ba, ba kuma da gatari ba. Da yatsa biyu-biyu ake kashe shi, a hannun mutanen kirki, kowa da uzurinsa, kowa yana cewa nasa kaɗan ne. Kuma ranar da aka tambaya, mutumin kirki shi ne wanda ya tashi da nasa yatsa biyun, bai zauna don kowa ya zauna ba, bai kuma tona asirin raunana don ya tsira ba. Kowannenmu yana da gabas ɗinsa. Mai shago da ya ci taku ɗaya na hanya, gabas ce. Mai zuba shara a kwata don ɗan kaɗan ne, gabas ce. Ma'aikacin da ya ce shi dubawa kawai ya yi, ku kun san shi, ba sai na faɗa ba. Ku koma gida kowa ya auna nasa, ya ga yatsa nawa ya matsa bana.

Ku ɗaga kai ku dubi darbejiyoyin nan da muke zaune a inuwarsu. Ga allo can an rubuta cewa al'ummar unguwa ne suka dasa su, kuma suke kula da su. Kyakkyawan rubutu ne. Ku dubi jikin ta ƙarshen can, ku ga yadda aka ɓare ta don maganin shawara. Ku dubi rassan ƙasa da muka karye muka yi asawaki, har da ni. Sannan ku dubi gindinsu, za ku ga ƙasar a jiƙe, alhali rabonmu da ruwan sama wata biyar. Al'umma ba ta ɗaukar bokiti. Mutum ɗaya ne, dattijo, kuna salla sahu ɗaya da shi. Kada ku waiwaya neman sa, ba ya so, kuma ba ya nan. Ya tashi tun ina tsakiyar labari, don an kawo ruwan famfo, kuma kun san ba ya daɗewa. Wannan ƙarar da kuke ji ta bokitinsa ce.

Allah Ya sa mu gyara. Ku ɗan janye tabarmar can, ku ba shi hanya.